Tsagaggen Dashbod a Tsohuwar Akori-Kura: Sababinsa da Maganinsa

Duk wanda Allah ya nufa da bin hanyar nan da ta tashi daga Birnin Kebbi ta nufi Argungu, tafiyar kimanin kilomita hamsin, musamman a lokacin da manoman fadama suka yanke shinkafar rani, ba zai rasa cin karo da tsofaffin motocin nan da muke kira akori-kura ba, waɗansu Fijo, waɗansu Hilux, kowace ta duƙa da buhunan shanshera har bayanta yana neman taɓa ƙasa. In ya tsai da ɗaya daga cikinsu ya leƙa mazaunin direba, galibi zai tarar allon nan da ke shimfiɗe daga gindin gilashi zuwa bakin sitiyari, wanda direbobi da makanikai ke kira dashbod, ya tsattsage kamar laka a bakin gulbi bayan ruwa ya janye, soso yana leƙowa ta cikin tsagar, an rufe abin da ya rufu da guntun darduma ko tsohon tawul. Yawancin masu motocin sun ɗauki wannan tamkar furfurar mota, abin da tsufa ke kawowa ba makawa, alhali kuwa al'amarin yana da sababi sananne, yana da illa wadda ta wuce munin gani, yana kuma da magani ga wanda ya yi haƙuri ya biyo masa ta hanyarsa.

Ya kamata tukuna a ba waɗannan motoci haƙƙinsu. Tun da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975 Fijo ta zama 'yar gida a Arewa, akori-kurarta kuwa, ƙirar 404 da 504, ta shiga ƙauyukan da babbar mota ba ta taɓa takawa ba. Hilux kuma, wadda kamfanin Toyota na Japan ya fara fitarwa a 1968, ta biyo baya ta nuna juriyarta a yashi da taɓo. Bayan da aka yanko Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta 1991, da kuma bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, har manyan injinan casa suka yi ƙarfi, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu cikin 2017, sai bukatar ɗaukar kaya ta ƙaru ƙwarai. Tirela tana tsayawa ne a bakin kwalta. Amma tsakanin gona da kwaltar, in ka ɗebe raƙumi da amalanken shanu, tsohuwar akori-kura ce ke ɗauke da nauyin, ita ce kuma ke kai albasar Aliero kasuwar Jega, ta kai injin ban-ruwa da jarkokin fetur fadama. Motar da take ciyar da gidaje haka ta cancanci a dubi lafiyarta ciki da waje.

Kalmar dashbod daga Turanci ta zo mana, asalinta kuwa ya girmi mota. Katako ne da ake kafawa a gaban keken doki a ƙasashen Turai domin ya tare taɓo da tsakuwar da kofato ke watsowa kan mai tuƙi. Da inji ya maye gurbin doki, sai katakon ya zauna a matsayin shamaki tsakanin injin da mutane, aka riƙa liƙa masa agogunan da ke nuna gudu da mai da zafi. Daga katako aka koma ƙarfe, ƙarfen nan kuwa ya farfasa goshin mutane masu yawa a haɗari, har likitoci a Amurka suka yi ta kira a lulluɓe shi da abu mai taushi. Wata mota mai suna Tucker ta fito da irin wannan lulluɓi a 1948, daga 1968 kuma hukumar Amurka ta wajabta shi ga sababbin motoci, sauran ƙasashe suka bi. Watau soson nan da muke gani yana marmashewa an sa shi ne domin ya karɓi kan mutum ranar da birki ya zo ba shiri, hikimarsa ke nan.

To, me ke tsaga shi? Sai an san yadda aka gina shi kafin a fahimci amsar. A yawancin motocin wancan zamani dashbod hawa uku ne: akwai ƙashinsa na ƙarfe ko na roba mai tauri, a kansa akwai soso, a kan soson kuma akwai fata ta roba, ita ce ido ke gani hannu ke taɓawa. Wannan fata 'yar'uwar robar bututun ruwa ce, a ɗabi'arta mai tauri ce, sai masu ƙera ta suka cuɗa ta da wani sinadari mai maiƙo wanda ke sa ta lanƙwasu ba tare da ta karye ba. Zafi yana fitar da wannan maiƙo kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, kuma wani sashe na dusu-dusun nan da ke kwanciya a gilashin gaba ta ciki, wanda in ka goge ya dawo, daga nan yake tasowa. Mutumin ƙasar nan, wanda ya tashi yana ganin majema da dukawa suna aikin fatar jar akuyar Sakkwato, ba ya bukatar dogon bayani a kan abin da ke samun fata in mai ya ƙare a jikinta: takan ƙanƙance, ta bushe, ta yi ƙanta, in an lanƙwasa ta ta tsage. Bambancin kawai shi ne, fatar akuya in ka shafa mata mai takan sha ta farfaɗo, ita kuwa robar nan abin da ya fita daga cikinta ya fita ke nan, shafe-shafe ba ya mayar da shi.

Sa'an nan a duba irin ranar da Allah ya hore wa kwarin Rima. A watannin bazara, Maris da Afrilu zuwa Mayu, zafin iska a Birnin Kebbi da Argungu yakan haura digiri 40, motar da aka rufe aka bari a fili kuwa tanda ce, domin haske yana ratsa gilashi ya shiga, baƙin dashbod ya shanye shi ya mai da shi zafi, zafin kuma ya rasa ƙofar fita. Fuskar allon takan haura digiri 70, zafin da tafin hannu ba ya iya jimrewa. Da dare ya yi sai jikinsa ya huce, a lokacin hunturu ma ya yi sanyi ƙalau ga bushewar iska. Kowane abu yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, amma ƙarfe da soso da roba ba su buɗewa daidai da juna, saboda haka kullum ta Allah akwai ja-in-ja tsakaninsu, fatar da ta riga ta bushe ita ce mai rauni, ita ce ke sallamawa. Shi ya sa tsaga takan faro daga wurin da aka huda allon tun a masana'anta, bakin ƙofofin iska da ramin lasifika da kusurwoyi, sa'an nan gargadar hanyar fadama ta riƙa jan ta har ta kai wancan gefe.

Illar farko ita ce, soso da ya bushe ya daina aikin da aka sa shi dominsa, gefen tsagar kuma yakan miƙe ya yi kaifi har ya yanki hannu. Ƙura da ruwa da ƙwayar hatsi suna bi ta tsagar su sauka kan wayoyi, inda hatsi ya sauka kuwa ɓera yana tafe, ɓera kuma ba ya raina rigar waya. Mafi muni duka, a ganina, shi ne lokacin da karyewar ta kai ga kunnuwan da ke riƙe allon a jikin mota, domin daga nan allon yakan riƙa rawa, yana gugar damin wayoyin da ke bayansa, har ranar da tsirarar waya za ta taɓa ƙarfe. Wanda ya tuna cewa motar nan da jarkokin fetur take yawo a baya, ya san abin da ake tsoro. A motocin da suka zo daga baya, masu jakar iska a gaban fasinja, akwai ƙarin haɗari, domin jakar da ƙarfi take fasa murfinta ta fito, busasshiyar roba kuwa tana iya tarwatsewa zuwa fuskar wanda aka so a tsare.

Ba kowace tsaga ce ke wajabta sauya allon ɗungurungum ba, kuma kashe kuɗi inda ba larura israfi ne. In tsagar ɗaya ce ko biyu, ƙashin allon yana nan daram, masu ɗinkin kujerun mota suna iya yanke gefen da ya miƙe, su huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar domin kada ta ci gaba, su cike gurbin, su goge ya daidaita, su ja sabuwar leda a kai. In an yi shi da kyau yana kai shekaru. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dabarar nan ta tsiyaya gam mai saurin kamawa a barbaɗa masa yashi, domin yana bushewa ya zama dutse a tsakiyar abu mai motsi, kafin bazara ta zagayo sai sabuwar tsaga ta fito a gefensa. Amma in kunnuwan sun karye, ko allon ya bankare ya bar mazauninsa, ko soson yana zuba kamar gari in an taɓa, to gyara ya ƙare, sai sauyi.

A nan ne mas'alar saye take shigowa, kuma a nan aka fi cutar mutane. Sabon allo na motar da aka daina ƙerawa wuyar samu gare shi, saboda haka dogaro yana kan na hannu, wanda ake kira Beljiyam ko na Kwatano, ana samo shi daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko kuwa a ciro shi daga motar da ta yi haɗari a nan gida. Abu na farko da mai saye zai tabbatar shi ne ɓangaren sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, kamar na maƙwabtanmu Nijar da Binin. Allon da aka ciro daga motar da aka yi wa Japan ko Ingila kuwa ramin sitiyarinsa a dama yake, ko an ba ka shi kyauta ba zai zauna ba. Bayan wannan a duba shekarar ƙira, a duba ko na mai fetur ne ko na mai gas, domin agogunansu sukan bambanta, mafi aminci kuma mutum ya tafi da tsohon nasa, ko hotunansa ciki da baya, a aza su gefe da gefe. A kife allon a ƙirga kunnuwansa, a danna fatar da babban yatsa a ji ko tana da sauran taushi, a yi tuhuma ga wanda ke ƙyalli da sabon fenti. Allon da ya yi zamansa a ƙasar sanyi ya fi wanda ya sha ranar da ta kashe naka, ko da shekarunsu ɗaya.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta babin ciniki, inda aka haramta algus da yaudara da ɓoye aibin haja, aka kuma ba mai saye zaɓin mayar da abin da ya gano yana da aibin da aka ɓoye masa. Wanda ya cike tsaga ya fesa fenti ya sayar da allon da sunan lafiyayye ya faɗa cikin wannan hani kai tsaye, ko da kasuwa ta saba da haka. Saboda haka a yi sharaɗi tun a wurin ciniki, gaban shaida, cewa in bai zauna ba ko aibi ya bayyana za a mayar.

Shi kansa aikin sauyawar bai bukaci ƙarfi ba, sifana da sukundireba da filaya sun isa. Abin da yake bukata shi ne natsuwa da tsari, da yini guda wanda ba a yi wa motar alkawarin kaya ba. A faka ta a inuwa, tayoyin gaba a miƙe. Kafin a taɓa kome, wajibi ne a cire wayar batir mai alamar ɗebewa, wadda ke haɗe da jikin mota. In motar tana da jakar iska a dakata mintoci kaɗan wutar da ta saura ta mutu, a kuma kiyayi soket masu launin rawaya, nata ne, ba a gwada su da fitilar gwaji. Sa'an nan a ɗauki hoto da wayar hannu a kowane mataki, wannan ni'ima ce da makanikan da ba su samu ba. A cire marufin wuyan sitiyari, a kwance notinan da ke riƙe wuyan a sauke shi kan kujera, sau da yawa wannan ya wadatar ba sai an zare sitiyarin ba. A ciro gidan agoguna a hankali, domin a tsofaffin motoci akwai igiyar agogon gudu a bayansa wadda sai an sa hannu an saki, in an fizga ta lalace. A cire rediyo, da akwatin gaban fasinja, da maɓallan fanka tare da igiyoyinsu. Kowace soket aka zare a naɗa mata salatif a rubuta sunanta, kowane rukunin noti a sa shi a ledarsa.

Notinan da ke riƙe allon kansa suna ɓoye ne a gindin gilashi, da gefen ƙofofi biyu, da tsakiya ta ƙasa. In an kwance duka aka ja allon ya ƙi tasowa, to akwai saura, a nema, kada a sa ƙarfi. Mafi yawan gilasan da suka fashe a wannan aiki, gaggawar wannan lokaci ce ta fasa su. Mutum biyu za su ɗaga shi su fitar ta ƙofar fasinja.

A nan nake so mai mota ya tsaya da ƙafarsa ya duba, domin abin da zai gani bai taɓa ganinsa ba, ba kuwa lalle ya sake gani ba. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan aiki a wani gareji, motar wani baffana ce da ta yi shekaru tana jigilar shanshera. Da allon ya fita sai ga sheƙar ɓera da ɓawon shinkafa cike da bututun iska, ga wayoyi uku an murɗe su da hannu an naɗe da ledar burodi, ga kuma gurbin fiyus biyu an cusa musu zaren waya, aikin wani mai gyaran wuta da ya gabata. Baffa ya ƙagu, yana da kaya a fadama, ya ce a mayar a rufe. Dattijon da ke aikin ya ajiye sifana ya ce masa, cikin harshen mutanen nan, "Alhaji, ka yi haƙuri, wanga ba aikin gaggawa ba na. In na ruhe shi haka, wuta na ruhe maka." Baffa ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Malam, yi abin da ya dace." Motar ta ƙara kwana, aka sauya wayoyin, aka sa fiyus na gaskiya. Fiyus an yi shi ne ya ƙone domin mota ta tsira, wanda ya maye gurbinsa da zaren waya ya mai da damin wayoyin duka su ne fiyus ɗin. Tun ran nan nake ganin rabin fa'idar sauya dashbod tana cikin abin da ake gyarawa a bayansa.

Mayarwa bin sawun cirewa ce daga ƙarshe zuwa farko. A kwashe bututun iska da ƙarafunan da sabon allon bai zo da su ba daga jikin tsohon, a tabbata damin wayoyi ya bi hanyarsa ta asali bai matse tsakanin ƙarfe biyu ba, a kuma mayar da ƙananan wayoyin nan da ake ɗaurewa a jikin mota da noti, domin mantuwa da guda ɗaya takan sa agoguna su riƙa faɗin ƙarya. In akwai farantin lambar shasin mota a jikin tsohon allon, kada a jefar da shi, shaidar motar ce a gaban hukuma. Kada a ƙarasa ɗaure notina sai an mayar da batir an gwada kome: fitilu, sigina, ham, abin share gilashi, fanka, agogon mai, agogon zafi, da fitilar man inji da ta caji, waɗanda ya kamata su kama in an murɗa makulli su mutu in inji ya tashi. Noti a kan roba kuwa ba a ɗaure shi kamar na taya.

Akwai wata amana ƙarama da ake sakaci da ita. Sau da yawa allon na hannu yakan zo da gidan agogunansa, malejin da ke ciki kuwa na wata mota ne. Mafi kyau a mayar da na asali. In ya lalace dole aka sa baƙon, a rubuta adadin tsohon a ajiye tare da takardun mota, ranar sayarwa a faɗa wa mai saye.

Bayan duk wannan wahala, ranar da ta ci allon farko tana nan ba ta je ko'ina ba. Wanda ya halarci bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya ga yadda motoci ke jere a fili kusa da gulbin Matan Fada tun hantsi har la'asar, gilasai a rufe ruf. Haka kuma suke yini a bakin kasuwanni da ƙofar injinan casa duk shekara. Direbobin da ke shimfiɗa darduma a kan allon sun yi daidai, sai dai ta kasance mai duhun launi marar ƙyalli, kada ta toshe ƙofofin iskar da ke busar da gilashi da damina, kada kuma ta hau kan murfin jakar iska. Masu wankin mota su daina shafa masa man inji ko man birki ko kananzir domin ya yi sheƙi, waɗannan suna cin robar, sheƙin kuma yana komawa cikin gilashi ya kashe idon direban da ya taso daga Birnin Kebbi ya nufi Argungu da sassafe rana tana gabansa. Tsumma mai laima da ɗan sabulu ya isa.

Ina roƙon mai karatu da ke da irin wannan mota, ko yake da ɗan'uwa mai ita, kafin bazara ta kama, ya sa hannu ya girgiza allon ya ji ko yana rawa, in yana rawa ya kai a buɗe a duba wayoyin. Ya nemi gindin dogon yaro ko rumfa ya riƙa fakawa, in babu ya juya wa rana bayan motar, ya kafa kwali a gilashin gaba, ya sassauta gilasan ƙofa da faɗin yatsa guda.